Yadda ake kare sunan yaro da sirrinsa a takardun kotu idan an zalunce shi ko zai ba da shaida

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya san ina raka iyaye kotu sai ya yi min ita: an lalata mana yarinya, muna so mu kai ƙara amma muna tsoron sunanta ya bazu, ya za mu yi? Wasu kuma yaronsu ne ya ga an yi fashi ko kisa, 'yan sanda sun ce shi ne shaida, su kuma tsoronsu kar 'yan uwan wanda ake tuhuma su san gidan. To ga yadda ake yi daki-daki, kuma abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne sunan yaro ba a ranar hukunci yake fita ba, a takardar farko yake fita, wadda aka rubuta cikin ruɗewa da kuka, daga ita kuma duk sauran takardun suke kwafa. In kun bari sai shari'a ta yi nisa sannan kuka ce a ɓoye suna, kun makara sosai.

Kayan da za ku tanada

Littafi ɗaya na rubutu wanda ba ya barin hannun mutum ɗaya, biro, manyan ambulan masu ruwan ƙasa kamar biyar, baƙar maka mai kauri, takardar haihuwar yaron ko wata shaidar shekarunsa kamar katin rigakafi ko takardar makaranta, sai lambar waya ɗaya ta babban mutum wadda ita kaɗai za a riƙa bayarwa ko'ina. Shaidar shekarun nan kar ku raina ta, kariya da yawa da za ku roƙa a kanta ta dogara, dole a nuna wa kotu cewa bai kai shekara 18 ba.

1. Daren farko: a rufe bakin gida da waya

Kafin asibiti, kafin caji ofis, ku zaunar da duk wanda ya riga ya sani a gidan ku ce masa maganar nan ta tsaya a nan. Ku zaɓi mutum ɗaya, uba ko uwa ko kawu mai nutsuwa, shi kaɗai zai riƙa magana da hukuma. A rubuta a littafin nan sunan duk wanda ya sani da lokacin da ya sani, zai yi amfani nan gaba in magana ta fita ana neman ta ina ta bi.

Gargaɗi: kar a ɗauki hoton yaron ko bidiyonsa yana ba da labari a tura wa dangi a WhatsApp wai don a taya ku neman hakki. Na san zafin zuciya ne ke sa haka, mutum yana so duniya ta ga abin da aka yi masa, amma wallahi na ga gidan da kotu ta yi duk abin da ya kamata, ta kori mutane daga zaure ta ɓoye suna, ashe tun makon farko wata goggo ta tura bidiyon yarinyar a guruf ɗin dangi, daga nan ya shiga na unguwa, yarinyar nan sai da aka canza mata makaranta. Kuma in hoton yana nuna tsiraicin yaro, tura shi kansa laifi ne a ƙarƙashin sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko da niyyarka taimako ce. In akwai irin wannan a wayar wani, wayar ake kai wa mai bincike, ba a tura wa kowa.

2. Asibiti

In fyaɗe ne a je cikin gaggawa, kar a yi wanka kar a wanke kayan da ke jikinta, a sa su a ambulan na takarda ba leda ba. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 yake aiki, don haka ba a jira sai an gama shawarar dangi. In kuna kusa da cibiyar da aka ware don irin wannan, can ya fi, kamar Waraka a asibitin Murtala na Kano, ko cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, ko cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, kyauta suke duba mutum kuma sun saba da riƙe sirri, fayil ɗinsu ba ya yawo a kan tebur.

In asibitin gama-gari ne, a wajen yankar kati kar ku faɗi abin da ya kawo ku a gaban layi, ku ce kuna son ganin likita ko babbar nas a keɓe. Rahoton likita idan ya fito, ku roƙa a sa shi a ambulan a liƙe a miƙa wa ɗan sandan da ke binciken hannu da hannu, ku rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa a littafinku.

Gargaɗi: kar ku kai rahoton likita shagon hotokwafi na bakin titi ku bar shi ku tafi sallah. Ku tsaya a kai, ku ƙirga takardun, wadda ta lalace ma ku karɓe ta ku tafi da ita. Kuma kar a tura wa mai shago ta waya don ya buga, kwafin yana zama a kwamfutarsa.

3. Caji ofis: nan ne takardar farko

Da kun shiga kar ku fara zuba bayani a kanta inda masu belin 'yan uwansu da masu kawo abinci suke tsaye. Ku ce magana ce da ta shafi ƙaramin yaro, kuna son ganin DPO ko jami'in da ke kula da harkar mata da yara. A nemi ɗaki, a nemi mace ta ɗauki bayanin in yarinya ce, kuma babba ɗaya na gida ya zauna tare da ita. Kar a yarda a jera ta da wanda ake zargi a ɗaki ɗaya ana cewa maimaita abin da kika faɗa a gabansa.

Gaskiyar da ya kamata ku sani: a bayanin da ɗan sanda zai rubuta dole sunan gaskiya ya shiga, ba a bincike da sunan ƙarya, kuma kar ku ba da sunan bogi da kanku don lauyan wanda ake tuhuma zai kama wannan ya rusa shari'ar da shi. Abin da za ku iya ragewa shi ne ƙarin bayanan da ba dole ba. Lambar waya a ba da ta babban nan da kuka zaɓa. Sunan makaranta ko islamiyya in ba a can abin ya faru ba babu dalilin rubuta shi. Adireshi kuma ku roƙi mai binciken, wato IPO, ya ajiye cikakken kwatancen gida a fayil ɗinsa, kar ya kwafe shi zuwa takardar da za a kai kotu.

Takardar da za a kai kotun majistare ita ce FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda, kuma ita ce ake karantawa da ƙarfi a gaban kowa ranar da aka fara gurfanar da mutum, da Turanci sannan tafinta ya juya da Hausa, suna da shekaru da unguwa duk a ciki, 'yan jaridar da ke zaune a kotu daga nan suke samun labarinsu. Don haka kafin a buga ta ku tambayi IPO da ladabi, ranka ya daɗe yaushe za a kai kotu, kuma wa zai gabatar da ƙarar? Ku nemi ganin mai gabatar da ƙarar kafin ranar.

Gargaɗi: in aka ce za a yi holen wanda aka kama a gaban 'yan jarida, ku faɗa wa DPO ƙarara ba ku yarda a kawo yaronku wurin ba, ba ku yarda a ambaci sunan uba ko unguwa ba, ko da an ce za a rufe fuskarta da hijabi. Murya da tsayi da kalar hijabin sun isa maƙwabta su gane.

4. Ku samu wanda zai tsaya muku

A shari'ar laifi gwamnati ce mai ƙara, ku shaidu ne, shi ya sa ba ku biyan kuɗin shigar da ƙara kuma ba ku biyan lauyan gwamnati. Amma fa lauyan gwamnati fayil ne jibge a gabansa, hankalinsa yana kan ya ci shari'a, ba lallai ya tuna da maganar suna ba sai an tuna masa. Saboda haka kuna buƙatar lauya naku mai sa ido, wanda zai zauna a kotu a madadin iyali, ba shi zai yi shari'ar ba amma yana iya yi wa lauyan gwamnati magana ya kuma duba takardu. In babu kuɗi ku je ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jiharku, ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, in kuma safarar yara ce hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, waɗannan ba sa cajin kuɗin aiki.

Kuɗin da zai fita daga aljihunku na mota ne, da hotokwafi, da kuɗin da rajistara ke karɓa in kuna son kwafi mai hatimi, wannan kuma a nemi rasit. Na motar ne yake cinye mutane don ana ɗage zama sau da yawa, ku yi lissafinsa tun farko. Duk wanda ya ce ku kawo wani abu a ɓoye muku suna, ku sani ba a sayen wannan, alƙali ne ke ba da umarni kuma roƙonsa ake yi a fili.

5. Roƙon kotu, kuma kafin zaman farko

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ku sa lauyanku ko mai gabatar da ƙara ya miƙe tun kafin a karanta tuhuma ya roƙi kotu ta ba da umarnin kariya. Yana iya yi da baki, amma a rubuce ya fi, da takardar rantsuwa daga uba ko uwa mai nuna shekarun yaron da irin cutarwar da ake tsoro. Kuma a lura, ita kanta takardar rantsuwar kar a cika ta da sunan yaron da adireshi, sai ka ga an rubuta roƙon a ɓoye suna amma sunan yana kan roƙon sau goma.

Dokokin da ake jingina da su ga su. Sashe na 36(4) na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce shari'ar laifi a bainar jama'a ake yi, amma a nan cikinsa ya ba kotu damar fitar da mutane saboda walwalar wanda bai kai shekara 18 ba da kuma kare rayuwar sirri ta masu shari'a, wannan yana aiki a kowace kotu a Najeriya, har kotun shari'ar Musulunci. Sai sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda ake kira ACJA, wanda ya ce a laifuka irin su fyaɗe da safarar mutane da ta'addanci ba za a bayyana suna da adireshi da lambar waya ta wanda aka zalunta ko shaida a cikin kundin shari'ar ko rahotonta ba, haɗa wasu haruffa a madadin sunan ya wadatar, kuma wanda ya saɓa ɗaurinsa bai gaza shekara 1 ba. Shi dai sashen ya ba kotu damar karɓar shaida ta bidiyo ko a sa labule ko a rufe fuskar mai shaida. ACJA ta kotunan tarayya ce da Abuja, jihohi kowace da tata, Kano ta yi tata a 2019, kuma lambar sashe tana iya bambanta, don haka lauya ya buɗe ta jiharku ya karanto daga ciki. Akwai kuma dokar kare hakkin yara ta 2003 wadda sashenta na 157 ya hana buga suna ko adireshi ko makaranta ko hoto ko duk abin da zai sa a gane yaron da maganarsa ke gaban kotun iyali, jihohi suna da irin tasu, Kaduna 2018, Jigawa 2021, Kano 2023. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ma, wadda ake kira VAPP, a sashe na 39 ta hana buga abin da zai tona ko su wane ne masu shari'a, a inda take aiki.

Abin da za a roƙa a faɗe shi ɗaya bayan ɗaya, don alƙali abin da aka roƙa yake rubutawa. A roƙi a sa haruffa a madadin sunan yaron a duk takardun kotu har da hukunci. A roƙi haka ga uwa da uba da duk ɗan gidan da zai ba da shaida. A roƙi a cire adireshi da makaranta da lambar waya. A roƙi rahoton likita da hotuna da takardar haihuwa su zauna a ambulan a liƙe a wurin rajistara, ba mai buɗewa sai da izinin kotu. A roƙi a fitar da jama'a lokacin da yaron zai yi magana. A roƙi a hana bugawa ko yaɗa duk abin da zai sa a gane shi. Sannan a roƙi kar a ba kowa kwafin fayil sai wanda aka goge.

Maganar iyayen nan ita ce aka fi mantawa. A dokar shaida ta 2011 sashe na 209, yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa ita kaɗai sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta, wannan ke sa dole uwa ta shigo, likita ya shigo, wataƙila maƙwabciya ko malamin makaranta. To in an kira yarinyar da haruffa amma shaida ta biyu aka rubuta cikakken sunanta aka ce ita ce mahaifiyarta, me aka ɓoye?

Gargaɗi kan haruffan: kar a ɗauki farkon sunanta da na ubanta, a unguwa kowa zai iya haɗawa. A zaɓi haruffan da ba su da alaƙa da sunan kwata-kwata, takardar da ke nuna wane ne mai waɗannan haruffa kuma ta zauna a liƙe wurin kotu.

Gargaɗi na biyu, mai nauyi: in wanda ake tuhuma ɗan gida ne, mijin uwa ko kawu ko malamin da ke koyar da ita, to faɗin sunansa tare da dangantakarsu daidai yake da faɗin nata. A gaya wa alƙali wannan a fili, a roƙi umarnin ya haɗa da hana bayyana dangantakar.

Kar kuma ku sa ran za a ɓoye wa wanda ake tuhuma da lauyansa komai, tsarin mulki ya ba shi hakkin ya san abin da ake zarginsa da shi ya shirya kariyarsa, kuma yawanci ma ya san yaron. Jama'a ake ɓoye wa, shi kuma a ɗaure shi da umarnin kar ya yaɗa. Sai in akwai barazana ga rai, irin yaron da ya ga 'yan fashi ko masu garkuwa, nan ne ake roƙon labule da ɓoye adireshi har daga ɓangarensa, kuma sai an kawo wa kotu dalili.

Da alƙali ya amince, lauya ya bi a fitar da umarnin a rubuce da sa hannu da hatimi, a liƙa kwafi ɗaya a cikin bangon fayil, ku riƙe ɗaya.

6. A bi takardu a rajista

Umarni ba ya goge suna da kansa, mutum ne ke gogewa. Lauyanku ya je wurin rajistara da kwafin umarnin su buɗe fayil tare su bi shafi-shafi: takardar tuhuma, jerin shaidu wanda galibi har da adireshinsu, bayanan da aka ɗauka a caji ofis, rahoton likita, sammaci. Na asali ba a taɓa shi, a sa a ambulan a liƙe. A yi hotokwafi, a bi da baƙar maka a kan kwafin, sannan a sake yin hotokwafin wanda aka goge ɗin, wannan na ƙarshen shi ke zama a fayil ɗin da hannu ke taɓawa, na tsakiyar a yaga shi a ƙone.

Gargaɗi: maka sau ɗaya ba ta isa ba, ɗaga takardar sama ka haska ta da rana za ka karanta sunan tsaf, shi ya sa ake sake kwafi. A kwamfuta ma haka, zana baƙin akwati a kan suna a PDF ba ya cire rubutun da ke ƙasa, mai wayo zai kwafo shi, a goge sunan daga ainihin rubutun ko a buga a takarda a goge a sake ɗauka. A duba sunan da aka sa wa fayil ɗin kansa, sau da yawa akawu da sunan yarinyar yake ajiyewa.

Sammaci kuma a roƙi a bi da shi ta hannun lauya ko a kira lambar nan ɗaya. Masinjan kotu in ya shiga unguwa yana tambayar ina ne gidan su wance da aka yi wa kaza, ya gama da ku ba da mugun nufi ba.

In laifin babba ne irin fyaɗe, majistare ba shi zai yanke ba, fayil zai tafi ma'aikatar shari'a a ba da shawara sannan a shigar da sabuwar tuhuma a Babbar Kotu. Nan mutane da yawa suke faɗuwa, don suna zaton umarnin farko yana bin fayil. Sabuwar kotu sabon roƙo, kuma tun kafin lauyan gwamnati ya buga tuhumar ku je ku same shi ku nuna masa umarnin farko ya sa haruffan tun daga tebur ɗinsa.

7. Ranar da yaro zai ba da shaida

Kar a sa masa kayan makaranta. Kar a taho da ayarin dangi, mutum biyu sun isa. A zo da wuri a nemi rajistara ya ba ku wani ofis ku zauna, ba barandar da 'yan uwan wanda ake tuhuma ke zaune ba. Lauya ya tuna wa akawu da ɗan sandan kotu kar a ƙwala kiran sunan gaskiya a bakin ƙofa, ya kuma tuna wa tafinta, shi ma bakinsa yakan suɓuce. Kafin yaron ya shigo a tuna wa alƙali umarninsa a fitar da jama'a, a kashe wayoyi.

Alƙali da hannunsa yake rubuta abin da ake faɗa a yawancin kotunanmu, tambayar farko kuma ita ce sunanka da inda kake zaune. Lauyan gwamnati ya nemi a rubuta amsar a 'yar takarda a miƙa wa kotu ta shiga ambulan, a kundin kuma a sa haruffa. In lauyan wanda ake tuhuma ya fara tono wai ko yarinyar ta taɓa sanin wani namiji, sashe na 234 na dokar shaida ya hana irin wannan tambayar a shari'ar fyaɗe sai da izinin kotu, a miƙe a yi suka nan take kafin amsar ta shiga rubutu.

8. 'Yan jarida

Ba abokan gaba ba ne, wani lokacin su ne ke hana a danne shari'a. Amma mutum ɗaya ne zai yi magana da su kuma lauya ya fi, don uba in ya fito a talabijin da fuskarsa to 'yarsa ce ta fito. Ƙa'idar aikin jarida ta Najeriya ta 1998 ta hana bayyana suna ko hoto ko yin hira da yaron da bai kai shekara 16 ba a irin waɗannan shari'o'i, ko shi aka zalunta ko shaida ne ko shi ake tuhuma, a tuna musu da ita a nuna musu umarnin kotu. A ce musu sunan ƙaramar hukuma ya isa, ban da unguwa da layi da sana'ar uba.

9. Hukunci da ɗaukaka ƙara

Hukunci shi ne takardar da ta fi kowace daɗewa, ana ba da kwafinsa mai hatimi wanda ake kira CTC, lauyoyi suna kafa hujja da shi, in shari'ar ta kai kotun ɗaukaka ƙara yana iya shiga littattafan rahoton shari'a da intanet, yarinyar da take shekara tara yau za ta kai lokacin aure takardar tana nan. Don haka ranar da lauyoyi ke jawabin ƙarshe a sake tuna wa alƙali, kuma da an buga hukuncin lauya ya karanta shi kafin a fara raba kwafi, ya duba musamman inda aka kwafo maganar shaidu kalma da kalma, nan suna yake maƙalewa. In an ɗaukaka ƙara, rajistara zai tattara kundin shari'ar gaba ɗaya a yi kwafi da yawa, a tabbatar na gogen ne aka tattara, a kuma sake roƙon kariya a kotun sama.

10. In suna ya riga ya fita

A ɗauki hoton shafin da kwanan wata da sunan wanda ya wallafa a ajiye, kar a shiga ƙarƙashin rubutun ana zagi ko ana roƙo don hakan ƙara tura shi gaba yake yi. Lauya ya rubuta wa edita ko mai shafin ya haɗa da kwafin umarni ya ba shi wa'adi ya cire. A kai rahoton rubutun ga Facebook ko TikTok ta wurin da suka tanada don abin da ya shafi yara, mutum da yawa na gida su yi amma a ɓoye. In ya ƙi, a koma gaban alƙalin da ya ba da umarni a kai ƙarar raina kotu, in gidan rediyo ne ko talabijin a kai ƙorafi hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin. A je makaranta a ga shugaban shi kaɗai a gaya masa iya abin da yake buƙata don ya sa ido kan tsokana, a kuma mayar da yaron wurin mai ba da shawara a cibiyar da aka fara kai shi, ko da an ga kamar ya warware.